Pijo 504 ɗin mahaifina ta yi tsatsa: in gyara ta ko in haƙura?

Wani malamin makaranta ne ya rubuto daga Tahoua: "Baba, mahaifina direba ne, Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar Pijo 504 familiyal, doguwar nan mai kujeru jeri uku, wadda ya yi shekaru yana jigilar fasinja da ita tsakanin Tahoua da Ƙonni. Shekara 16 ke nan tana ajiye a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, awaki na kwana a gindinta. Daɓen wajen direba ya huje har ana hango ƙasa, gindin ƙofofi kuma duk ya zagwanye. Wani mai gyara ya leƙa, ya ce in ba shi jika 700 na sefa ya maido ta sabuwa har da fenti. Na tara miliyan ɗaya da rabi. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kuwa?"

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Direbobin 504 na hanyar Ƙonni mun san su, mun ci abinci da motocinsu shekara da shekaru, don haka tambayarka ta gida ce a wurina.

In lissafin kuɗi kake so, ɗana, amsar gajera ce: ba za ta biya ba. Na haura shekara 30 ina bugun jikin mota a nan Yamai, ban taɓa ganin familiyal ɗin da tsatsa ta huda daɓenta, aka yi mata gyara na gaskiya, aka sayar, mai ita ya mayar da kuɗinsa ba. Amma na san ba don ciniki gidanku ya bar mota tana cin rabin tsakar gida har shekara 16 ba. Da ciniki ne, da tuni masu sayen ƙarfe sun yanka ta sun ɗora a sikeli. To tunda ba riba kake nema ba, abin da za mu fara sani shi ne ko har yanzu akwai mota a wurin, ko kuwa siffarta ce kawai ta rage. Wannan ni ba zan iya gaya maka daga Yamai ba, mai jika 700 ma bai sani ba. Sai an kwanta a ƙarƙashinta.

Bari in faɗa maka dalilin da ya sa nake jin tsoron 504 mai tsatsa fiye da wasu motocin. Tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser tana da shasi daban, wasu dogayen ƙarafa masu kauri kamar tsani, injin da tayoyi duk a kansu suke, jikin motar kuwa riga ce aka ɗora. In rigar ta ruɓe sai a cire a sa wata. 504 salun da familiyal ba haka aka ƙera su ba. Faranti-farantin ƙarfe ne marasa kauri, wasu ba su kai milimita ɗaya ba, aka lanƙwasa, aka haɗa da ɗigon walda, suka zama abu guda. Jikin shi ne ƙashin. Kamar ƙwarya ce: muddin tana lafiya za ta ɗauki nono cike a kai ta kasuwa, in ta tsage a gefe guda kuwa, ƙarfinta duka ya tafi, ko da sauran jikinta sumul yake. Saboda haka a 504 ba girman ramin ake kallo ba, inda ramin yake ake kallo. Rami kamar faifai a daɓen direba ya fi mini sauƙi a kan rami kamar ƙwayar dabino a inda ƙafar gaba ke riƙe.

Sannan tsatsa daga ciki take cin mota. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska sai ya koma wannan jan garin, garin kuma ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri, ga shi yana shan ruwa ya riƙe kamar soso. Shi ya sa kake ganin fenti ya kumbura ya yi ƙuraje. Ranar da ƙurjin ya bayyana a waje, cikin ya daɗe da ruɓewa. Wanda ya zagaya mota da hannu a aljihu ya yanka maka farashi, kuɗin abin da idonsa ya gani ya faɗa. Abin da bai gani ba kai za ka biya daga baya, jika hamsin yau, jika tamanin gobe.

Ga abin da za ka yi kafin ka ba kowa ko dala. Ka nemi aron tayoyi huɗu, a tone ƙasar da ta binne na yanzu, a jawo motar fili. Birkin baya zai yiwu ya kama, sai an bubbuga. Kafin wani ya zura hannu ƙarƙashin kujera a ɗaɗɗaga da sanda, don motar da ta yi wannan zaman gidan kunama ce, wani lokaci har da maciji. A cire kujeru duka, a yaye robar daɓe da duk wani tsumma da ke ƙasa, a share, a wanke, a bari ta bushe. In za a ɗaga ta, kada ka yarda kowa ya shiga ƙarƙashi tana kan kirik, wato jak ɗin ɗaga mota, kaɗai. Wurin da ake kafa kirik ɗin yana cikin inda tsatsa ke fara ci, na taɓa ganin kirik ya shige cikin mota kamar an soka tsinke a tuwo. A tokare ta da guntayen icce masu kauri, ko a ja ta zuwa garajin da ke da rami.

Kayan aikinka uku ne: babban turnabis, wato sukudireba, da ƙaramar guduma, da mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ya isa. Ƙarfe mai rai in ka ƙwanƙwasa shi ƙara yake yi, ya dawo maka da gudumar. Wanda ya mutu sai ka ji ɓus, kamar ka bugi kwali, gari ya zubo maka a ido. Inda faranti biyu suka haɗu, in ka ga bakin ya kumbura ya yi hawa-hawa kamar ɓawon albasar Galmi, ka sa turnabis ka danna da ƙarfinka. Kada ka ji tausayinta. Abin da turnabis ya huda, da ma ba ƙarfe ba ne.

Fara da ɗakin injin. Dama da hagu akwai wasu tuddai biyu inda kan ƙafar gaba, mai ɗauke da sifirin, yake ɗaure da noti. Duk ramin da motar ta faɗa a hanya, nan yake ƙarewa. Duba kewayensu da kyau. Daga nan ka gangara kan dogayen ƙarafan nan biyu da suka taso daga gaba suka bi ta gefen injin suka shige ƙarƙashin daɓe, waɗanda muke cewa lonjeron. Ka duba ƙarƙashin mazaunin batir, don ruwan batir ya fi ruwan sama cin ƙarfe. Sai dokin ƙofa, wannan dogon akwatin da ke bin gefen mota daga tayar gaba zuwa ta baya. Shi ne gadon bayan 504, kuma rufaffe ne, laka da ruwa na shiga su kwanta a ciki ba mai gani. Ka ƙwanƙwasa shi taki-taki daga ƙasa. Ka duba gindin ginshiƙan da ƙofofi ke rataye a jiki: buɗe ƙofa, kama ƙarshenta ka ɗaga sama, in ginshiƙin ne ke motsi tare da ita, labari ya ɓaci. A baya kuma, familiyal tana da sifirin huɗu, biyu a kowane gefe, don ta ɗauki kaya. Duba inda kawunansu ke tokare da jikin motar. Daga ƙarshe ka ɗaga kusurwa ɗaya da kirik, ka gwada buɗe ƙofofin ka rufe. In wadda ke rufuwa ɗazu yanzu ta ƙi, jikin yana murɗewa.

In tsatsar ta tsaya a daɓe, da gindin ƙofofi, da madigadi, da ƙofar baya, fata ce ta lalace. Wannan aikinmu ne na kullum, kuma kuɗinka zai iya kai ka wani wuri in ka bi a hankali. In fatar dokin ƙofa ta waje ce ta tafi amma na ciki na nan da ƙarfinsa, har yanzu da magana, sai dai aikin ya ninka. In kuwa turnabis ya shige lonjeron, ko kan ƙafar gaba, ko mazaunin sifirin na baya, balle a wuri biyu ko uku, to ka yi mata addu'a. Ana iya gyarawa, ba abin da ba a iya yi da ƙarfe, amma ƙera sabuwar mota ke nan da hannu a kewayen tsohuwar lamba, kuma miliyan ɗaya da rabi ba zai ga ƙarshensa ba.

Zan gaya maka abin da nake zato, ko da yake gani ya kori ji. Tahoua ƙasar fari ce, damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara iska busasshiya. Mota a can ba ta ruɓewa haka kawai kamar ta Kwatano ko Legas, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. In ta huje, wani abu ne ya riƙe mata ruwa. A wasiƙarka na ga uku. Ganyen dogon yaro yana zuba cikin magudanar da ke gindin gilashin gaba ya toshe ta, rana kuma ta riga ta farfasa robar gilashin, sai ruwan kowace damina ya gangara ƙarƙashin robar daɓe ya kwanta. Ramin wajen direba daga nan ya zo, kuma wannan bai dame ni ba. Fitsarin awaki ya fi damuna. Abin da ya fi duka kuwa shi ne tayoyin da suka nutse, don ma'anarsa cikin motar ya kusa taɓa ƙasa ko ya taɓa, damina 16 tana kwance kan danshi. Da wuya dokin ƙofa ya tsira daga wannan.

Akwai kuma tarihin motar kafin ta zo hannun mahaifinka. Duba ɗan farantin da ke cikin ɗakin injin ka ga inda aka haɗa ta. Peugeot ta fito da 504 a 1968, familiyal ta biyo baya a farkon shekarun 1970, kuma daga 1975 aka fara haɗa Pijo a Kaduna. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi tashe a tashoshinmu kuwa tsofaffin Faransa ne, waɗanda samarin Turawa ke tukowa ta Aljeriya, su bi Tamanrasset da Assamaka da Arlit su sauka Agadas, su sayar su hau jirgi su koma. Irin waɗannan sun sha gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, sun zo da ciwonsu a ɓoye cikin dokin ƙofa tun kafin su ga Tahoua. Ta Kaduna ba ta san wannan gishirin ba.

Yanzu maganar mai jika 700. Ban san shi ba, ba zan ce macuci ne ba. Amma na san irin aikin da ake yi da irin wannan kuɗin, don ana kawo mini shi bayan shekara biyu. Wani alhaji ya taɓa kawo mini 504 salun fara tas, an yi mata fenti a wani garaji, tana ƙyalli kamar ranar da ta fito. Kukansa ɗaya, ƙofar baya ba ta rufuwa sai an daka ta da kafaɗa. Na ɗora mayen ƙarfe a dokin ƙofa, ya zame ya faɗi ƙasa. Na ɗora gaba kaɗan, ya sake faɗuwa. Na ɗauko kurfi na sare wurin a gabansa. Mastik ne kaurin yatsa biyu, a bayansa ragar sauro ta ƙarfe, a bayanta takardar buhun siminti a dunƙule, sai wani gwangwanin tumatir da aka buɗe aka baje, har rubutun jikinsa ana karantawa. Tsawon hannu guda babu ƙarfen mota ko kaɗan. Alhaji ya yi shiru, can ya ce da wannan ya kai iyalinsa Dosso ranar Salla. Kyan ɗan maciji ke nan. Mastik an yi shi ne don ya shafe ƴar lotsawa, siriri kamar ɓawon ƙwai. Ba ya ɗaukar nauyi, kuma in aka shafa shi kan tsatsa ruwa yake sha ya ƙara ciyar da ita.

Gyara na gaskiya yanka ne. Ana yanke ruɓaɓɓen wuri har sai an kai ƙarfe mai haske, a yanko sabon faranti mai kauri daidai da na asali, a lanƙwasa shi ya ɗauki siffar wurin, a haɗa baki da baki. In aka ɗora faci a kan rami aka bar tsohon a ƙasa, an gina wa ruwa ɗaki ne tsakanin faranti biyu. Ka tambayi mai aikin da wace walda zai yi. Waldar lantarki ta masu ƙofofin gida tana ƙona farantin mota ta huda shi. Waldar gas, wadda akasarinmu muka koya da ita, tana yi a hannun gwani, sai dai zafinta na bazuwa ya karkatar da faranti, kuma masu gaggawa kan cika wurin da jan ƙarfe, wanda liƙi ne kawai, bai dace da inda ke ɗaukar nauyi ba. Wadda ta fi dacewa ita ce mai zare, MIG, kuma ba kowane garaji ke da ita ba. Ka tambaye shi kuma da wane ƙarfe zai yi facin. Farantin tano, wato durom, yana yi wa shimfiɗaɗɗen daɓe. Kwanon rufi kuwa a'a: ya yi siriri, kuma farin hayaƙin da yake fitarwa in wuta ta taɓa shi yana sa mai walda zazzaɓi. Bayan walda sai a bi bayan facin da fentin hana tsatsa, a toshe bakin haɗin, a fesa mai ko kakin hana ruwa cikin dokin ƙofa, a bar ƴan ramukan da ruwa ke fita a buɗe. Wannan kashin na ƙarshe shi ake tsallakewa, don mai mota ba ya ganinsa.

Kada ka ɗauka ni ban taɓa ɓata aiki ba. Ina sabon buɗe garajina aka kawo mini familiyal irin taku. Don in burge mai ita da sauri, na yanke dokin ƙofa na dama da na hagu rana ɗaya, ban tokare jikin da ƙarafa daga ciki ba, ban auna komai ba. Da safe na tarar tsakiyar motar ta sauka. Na yi waldata a haka ban lura ba, sai da na zo mayar da ƙofofi huɗu, babu wadda ta zauna. Wata biyu na yi ina warware aikin hannuna da kuɗin aljihuna, kuma har mutumin ya bar Yamai gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Tun ranar, gefe ɗaya nake yankewa, ƙofofi na rataye a wurinsu don su nuna mini in jiki ya motsa. In mai gyaranka bai yi maganar tokara da awo ba, bai taɓa yin irin wannan aikin ba.

Injin shi ne abin da ya fi ba mutane tsoro, ni kuwa shi ne ƙarshen damuwata. Injin 504 mai sauƙin kai ne, hannayen rigar da fistan ke gudu a ciki ana zare su a sa sababbi, kuma duk tsohon makanike a Tahoua ya san shi kamar yunwar cikinsa. Abu ɗaya: kada wani ya kawo batir ya ce bari mu ji ko za ta tashi. A cire buji, a zuba ɗan mai a kowane rami, a bari ya kwana biyu, a juya injin da hannu. Kuma kada ka kashe masa ko dala sai an gama hukunci kan jiki. Na ga mutane da yawa sun gyara injin tsaf, yana kwance a ɗaki cikin buhu, motar da za a sa shi babu.

Abin da ke cinye kuɗi a ɓoye shi ne ƙananan kaya. Duk wata roba da ke jikin motar nan ta mutu: tiyon birki, tiyon ruwa, robobin ƙafa, na gilasai, na ƙofofi. Bututun birki na ƙarfe sai an sake su, man birki yana jan danshi ya ci su daga ciki. Tankin mai ya yi tsatsa, kuma kada ka bari yaro ya kusance shi da wuta ko da ya shekara 16 a bushe. Wayoyi ɓeraye sun yi rabonsu. Tayoyi biyar, batir, kujeru jeri uku, fitilu. Ka zauna da takarda ka zagaya masu kayan gyara ka rubuta farashin waɗannan kaɗai, za ka ga inda miliyan ɗaya da rabi ya tsaya tun walda ba ta taɓa motar ba. Ni ƙa'idata, duk farashin da aka yanka kafin a tuɓe mota, ninka shi biyu, sannan ka ajiye wani abu a gefe.

Sa'arka ɗaya, 504 ce. An daɗe ana haɗa ta a Kaduna, har cikin shekarun 2000, don haka kayan injin da na ƙafa ba su ɓace ba. Ana samu a kasuwar Feray a nan Yamai, ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, kuma kai da ke Tahoua, Ƙonni da Illela da Sakkwato ba su yi maka nisa ba. Ƙofofi da madigadi na kwance ma ana dacewa. Abin da ke wahala shi ne robobin gilashi masu kyau, da fitilun baya na familiyal, da ƴan ƙarafan ado. In sai daga Faransa za a kawo, ka riƙe lissafin: Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, kayan Yuro 200 ya haura jika 131 tun ba a yi maganar jirgi da duwan, wato kwastan, ba. Da aka rufe iyakar Gaya, tsakaninmu da Benin, a 2023 kuma, kayan da ke biyo teku sun ƙara nisa da tsada.

Wani zai ce maka Turawa na sayen tsofaffin Pijo da tsada. Gaskiya ne, amma ba irin taku ba. Wadda suke nema ita ce 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen kai, waɗanda ba a yi da yawa ba, sai kuma wadda kamfanin Dangel ya mayar mai jan ƙafa huɗu. 504 gaba ɗaya an ƙera fiye da miliyan 3. Familiyal ɗin da ta yi aikin tasha, aka cusa mata mutum tara ko goma da buhuna a kai, ba ta cikin abin da ake rububi. A kasuwarmu kuwa mai miliyan biyu Corolla yake nema, wadda ba ta shan mai. 504 da wuya ta sha ƙasa da lita 10 a kilomita 100. A tasha ma Hiace ta daɗe da karɓe mata layi. In ka gyara ta, ka gyara wa kanka ne, don zuwa Juma'a da ɗaurin aure da kai tsohuwa unguwa. Kuma ko ta gyaru, mota ce ta zamaninta, ba ta da jakar iska, birkinta na da ne. Ba zan so ka riƙa bin hanyar Tsarnawa da ita da dare ba, inda jaki ko raƙumi ke fitowa ba sallama.

Akwai magana biyu da ba na ƙarfe ba, kuma sun fi kashe irin wannan aikin a kan tsatsa. Ka ce mahaifinka ya bar ta, ba ka ce an raba gado ta faɗo a rabonka ba. Yau da take kwance awaki na kwana a gindinta, ba mai kulawa. Ranar da ta fito da sabon fenti tana ƙyalli, kowa zai tuna yana da kaso, kuma da gaskiyarsa. Ku zauna da ƴan'uwanka maza da mata da mahaifiyarku, a kira malami, a yi mata kuɗi a yadda take yanzu, ka biya kowa haƙƙinsa ko su yafe maka a gaban shaidu, a rubuta. Ta biyu takardu. Nemo kart giriz ɗinta, wato katin mallakar mota, ka gwada lambar da ke ciki da wadda aka buga a jikin ƙarfe cikin ɗakin injin. In wurin lambar na cikin inda ya ruɓe, kada a yanke shi sai ka je ofishin sufuri ka ji yadda za a yi. Mayar da katin zuwa sunanka zai buƙaci takardar shaidar magada, bayan nan ga inshora ga bizit teknik, wato gwajin lafiyar mota. In takardun sun ɓace, fara da su, don motar da ba ta da takarda ko ta fi kowace kyau iyakarta ƙofar gida.

To in turnabis ya yanke hukunci mara daɗi fa? Ga abin da ni zan yi da kuɗinka. Arewacinku, wajen Abalak da Agadas, har cikin garin Tahoua kanta, akwai 504 da aka jingine saboda injin ya mutu ko mai ita ya koma Toyota. Rana ta cinye fentinsu ta ƙone robobinsu, ka gan su kamar ba su da amfani, amma ƙarfensu ƙarau yake, don ba su kwanta kan danshi ba. Irin wannan jikin, in yana da takardunsa, ya fi maka wata shida na walda araha, ya kuma fi aminci. Ka saye shi, motar mahaifinka ta ba shi abin da take da shi: injin in ya fi, giya, gilasai, kujerun, kariyar kaya ta sama, zakin da ke gaba, da sitiyarin da tafin hannunsa ya goge har ya yi santsi. Da lambar sabon jikin da katinsa za ta yi yawo. Kada wani ya ba ka shawarar yanko lambar tsohuwar a liƙa a sabuwar, wannan jabu ne, kuma ranar da jandarma ya gane, kai za a riƙe.

Na san abin da za ka ce, cewa wannan ba motar Baba ba ce. Ka tambayi tsofaffin abokan aikinsa a tasha sau nawa ya sauke injin, ƙofa nawa ya canza, gilashi nawa. Motar haya da ta yi shekaru a hanyar Ƙonni, da wuya rabin abin da ke jikinta ya zama wanda ta fito da shi daga masana'anta. Su direbobin ba su ɗauki wannan a bakin komai ba. Amma wannan hukuncin zuciyarka ne da ta mahaifiyarka, ni ƙarfe na sani.

In kuma jikin ya tsira, ka ba da aikin kashi-kashi, ka biya kashi-kashi. Walda tukuna, ka zo ka gani da idonka kafin a shafa komai a kai. Sannan birki da ƙafa, sannan injin, fenti daga ƙarshe. Kada ka ba da kuɗin duka a farko, kada kuma ka kai ta garaji in ba ka da kuɗin gama kashin da aka fara, don motar da ta shekara a garaji tana zama kantin kayan gyaran wasu, yau an ari kafireta, gobe an ari fitila. Duk abin da aka kwance ka ɗauki hotonsa da wayarka, ƙananan ka kwashe su gida cikin kwali.

Ko me ka yanke, akwai abin da ba ya jiran kuɗi, kuma ka yi shi kafin hadarin farko. A fitar da ita daga ƙarƙashin iccen, a ɗora ta kan duwatsu ko icce cikinta ya rabu da ƙasa iska ta riƙa ratsawa, a kwashe ganyen da ke gindin gilashi, a yaye robar daɓe. In za ka rufe ta, rumfar zana ko ta kwano ta fi, leda in ta lulluɓe mota gumi take sa ta. In ka gama ƙwanƙwasawa ka rubuto mini inda turnabis ya shiga da inda ya ƙi, musamman kan ƙafafun gaba da dokin ƙofa ta wajen direba. Awakin kuma a canza musu wurin kwana.